Ba Na Zuwa Sai Da Tukur

Yamai, 6 ga Maris 2024

Zuwa ga Yayana Hilaire,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ka da sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke tashi in na daɗe tsaye. Ɗanka Hervé da matarsa Gloria da yara duk suna gaishe ka.

Sau uku ina kiranka kana ta cewa "Wa? Wa?" Tunda kunnen ya ƙi waya, na koma takarda, zan riƙa ba direban motar Dutsi.

Yaya, me ya sa sai a bakin mutane zan ji? Gloria ce ta dawo daga biki, ta ce wata biyu ke nan ba a gan ka a majami'a ba, wai ba ka iya tsayuwa, wai likita ya ce ciwon daji ne kuma ya kai ƙashi. Shekara talatin na yi ina aikin ungozoma, na san abin da wannan magana take nufi. Uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu muka rage, amma ka ɓoye mini?

Na yi magana da Hervé. Ya kwashe kayan da ke ɗakin baya, an yi fenti, an sa fanka. Ƙarami ne, mutum ɗaya zai ɗauka, amma kusa yake da nawa, ko tari ka yi zan ji. Manyan likitoci kuma nan suke.

Malam Tukur ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Sai dai shi ma tsoho ne, kuma aboki aboki ne, jini jini ne. Yana da danginsa a Matankari, lokaci ya yi da zai koma cikinsu ya huta. Ban da haka, Yaya, a irin wannan lokaci mutum yakan gyara tafiyarsa. Ka gane abin da nake nufi.

Ka gaida abokinka. Ka faɗa mini ranar da za a zo ɗaukarka.

Ƙanwarka,
Murna

Dogon Dutsi, 11 ga Maris 2024

Ƙanwata Murna,

Na karɓi takardarki, na gode. Ki gaida Hervé da Gloria da 'yan jikokina. Ki riƙa ɗora ƙafar bisa kujera, ki bar yawon kasuwa ga masu gwiwa.

Gloria ba ta yi ƙarya ba. Ciwon ya shiga ƙugu da ƙashin baya. An sa mini robar fitsari, ba na tashi sai an ɗaga ni. Zafin bana ya zo da wuri, katifa ma ƙuna take. Amma kaina da hannun damana suna aiki, don haka ki karanta da kyau.

Shekara talatin da takwas kina rubuta "ka gaida abokinka", ni kuma ina rubuta "yana amsawa". Ba ni da sauran lokacin wannan wasa. Tukur ba ɗan haya ba ne, ba kuma telan da na ba rumfa a ƙofar gida ba ne kawai. Shi ne mutumin da nake ƙauna, yadda kika ƙaunaci mijinki marigayi Andarawus. Kin sani. Kin sani tun shekarar da kika zo da Hervé a goye, kika leƙa ɗaki kika ga gado ɗaya, kika ce gwamma ki sauka gidan Inna.

Ga abin da "aboki" yake yi. Shi ke zubar da jakar fitsari. Shi ke wanke ni, ya san inda in an taɓa nake ihu, ya san ta inda ake kama ni. Ya ɗinka mini wanduna masu maɓalli a gefe don kada robar ta fizge. Yana dama kunu ruwa-ruwa ya ba ni da cokali, in na kau da kai ya kira ni yadda 'yan makaranta suke kiran malaminsu da Faransanci, ya ce, "Mushe, ka sha ko in toshe maka hanci." Ranar Lahadi shi ke riƙe mini Littafi Mai Tsarki in karanta, shi da bai san harafin boko ko ɗaya ba, in na kai ƙarshen shafi in ɗaga gira ya juya.

Kin ce in gyara tafiyata. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da 'ya'yan mutane a lakwal, ban ci haƙƙin kowa ba. Hisabina yana wurin Ubangiji, kuma ban ji ya naɗa wakili a Yamai ba.

Ba na zuwa sai da Tukur. Ɗakin da ba zai ɗauke shi ba, ni ma ba zai ɗauke ni ba.

Amma ga wata gaskiya: Tukur ya gaji. Shekararsa saba'in da huɗu, bayansa na ciwo, ga azumi ya kama. Jiya da ya ɗaga ni na ji numfashinsa kamar zugazugin maƙera. Mun ɗauki wata mata, Basira, ta riƙa yi mana wanki da shara. Kwana biyar ta yi, labarin ɗakinmu ya kai kasuwa, har aka fara jifan rumfarsa. Yanzu tsoron sa baƙo cikin gida muke. In kina son taimakona, ki aiko da kunzugun manya da ake sayarwa a farmasi, da katifar da ba ta cin baya, ki kuma nemo mana mutum mai ƙarfin hannu da gajeren baki.

Yayanki,
Hilaire

Yamai, 14 ga Maris 2024

Yaya,

Ina gaisuwa, yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu lafiya.

Shafin farko na takardarka na ƙona shi, saboda yaran gidan nan sun iya karatu. Ba zan amsa wannan magana a rubuce ba.

Amma na gane saƙon da ka ɓoye a ƙarshe. Tun muna yara ba ka iya roƙo kai tsaye, sai ka gama faɗa ka sa ainihin maganar a wutsiya. Ka ce ya gaji. Shi kunya ta hana shi cewa yana son tafiya, kai kuma kunya ta hana ka sallamarsa. To, na ɗauke muku wannan nauyi. Na samo lambar Is'haƙa, ɗan yayan Malam Tukur da ke Matankari, na ce masa baffansa ya gaji da jinya, su zo su ɗauke shi. Ya yi godiya sosai, ya ce sun daɗe suna neman hanya.

Hervé zai zo da mota ranar Asabar 23 ga wata. Ka sa a haɗa maka takardun likita da magunguna, sauran kaya a bi su daga baya.

Ƙanwarka,
Murna

Yamai, 8 ga Afrilu 2024

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban san yadda jikinka yake ba, shi ya sa ban san me zan tambaya ba. Ni dai ba na barci, abinci ma sai dole.

Sati uku da kwana huɗu ba amsa. Ista ta wuce, ko barka ba ka aiko ba, abin da ba ka taɓa yi ba tun da na yi aure. Kullum ina tasha ina tambayar direbobi, har sun fara ɓuya in sun hango ni.

Hervé ya dawo da mota babu kowa. Ya ce a asibiti ya same ka, ba a gida ba. Ya ce ka riƙe ƙarfen gado da hannu biyu ka ce sai dai a ɗauki gawarka. Na tambaye shi me ya kai ka asibiti, ina Malam Tukur, sai ya ce, "Mama, ki bar maganar Tonton Hilaire, ya zaɓi abin da ya zaɓa." Daga nan bai ƙara ba.

In fushi kake, ka zage ni a takarda, na yarda. Wannan shirun ne ba zan iya ba.

Murna

Dogon Dutsi, 14 ga Afrilu 2024

Murna,

Ina amsa gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya fara rawa. Na dawo gida kwana huɗu da suka wuce. Ciwon yana nan, an ƙara mini maganin zafi mai ƙarfi, kuma yanzu ina da gyambo a gindin baya, faɗin tafin hannu. Bari ki ji inda na samo shi.

Takardarki ta 14 ga Maris ta kwana tara a aljihun direba. Kafin ta iso, abin da kika shuka ya riga ya tsiro.

Ranar Alhamis da hantsi Is'haƙa ya zo da mota, ya ce wa Tukur yayarsa Zalihatu tana bakin mutuwa, tana kiran sunansa. Tukur ya juya ni, ya aje ruwa kusa da hannuna, ya roƙi maƙwabciyarmu Bushira mai waina ta riƙa leƙo ni, ya ce kafin a sha ruwa ya dawo. Da ya isa Matankari, Zalihatu na zaune tana ɓarar gyaɗa, lafiyarta lau. Dangi ne aka tara masa. Suka karɓe wayarsa, suka ɓoye takalmansa, suka ce wata ne mai alfarma, ya tuba ya zauna cikinsu ya mutu da mutunci. Suka ce ai dangina ne da kansu suka nemi a ɗauke shi.

Ni kuwa ina kwance kan gefe ɗaya. Bushira mutuniyar kirki ce, ta kawo kunu, amma ba za ta buɗe jikin namiji ba, ni ma ban iya roƙonta ba. Ranar Juma'a robar ta toshe, zazzaɓi ya rufe ni. Ita ta nemo mota aka kai ni asibiti. Ranar Asabar ɗanki ya zo. Abin da ya faɗa miki na ƙarfen gado gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne, kafin ya tafi ya ce wa majo, babban ma'aikacin jinya na ɗakin, kada a bar kowa kusa da ni sai dangi.

Ranar Lahadi Tukur ya fita sallar asuba bai koma gidansu ba. Ya kamo hanyar Dutsi ba takalmi, da azumi a bakinsa, sai wani mai amalanke ya ƙarasa da shi. Da la'asar na ji muryarsa a ƙofar ɗakin da muke kwance mu takwas. Majo ya tare shi.

"Baba, kai wane ne nasa?"

Tukur ya ce, "Ni ka wanke shi, ni ka juya shi."

"Ban tambayi aikinka ba. Ɗan'uwansa ne kai?"

Tukur ya yi shiru, yana kallon ƙafafunsa da suka farfashe. Shirun nan, Murna, shi muka yi ta yi tun kafin a haifi majon. Na dube shi da kyau, ashe Luƙman ne, wanda na koyar a aji uku. Na tattara sauran muryata na ce, "Luƙman, ni na koya maka rubuta sunanka. Ɗauki biro ka rubuta wannan. Tukur shi ne iyalina. Shekara talatin da takwas muna tare, gida ɗaya, ɗaki ɗaya. In ba a bar shi ya shigo ba, a fitar da ni waje wurinsa."

Wani ya ja tsaki. Wani ya ce "'yan luwaɗi" da ƙarfi don in ji, ni da ake cewa kurma, na kuwa ji. Mai gadon kusa da ni ya sa aka janye nasa. Luƙman ya rubuta, ya ɗauko kujera da kansa. Shi ya wanke wa Tukur ƙafa ya ɗaure. Da suka juya ni tare suka ga gyambon.

Ranar Ista dattawan majami'a biyu suka zo, suka ce ba Jibin Ubangiji a gare ni sai Tukur ya bar gidan. Na ce su gaida gida. Wanda ya wanke ƙafafun almajiransa ya san mai wanke ni.

Yanzu ki saurara. Na ce ya gaji, ban ce ya ƙosa ba. Uwa takan gaji da goyo, ba a ƙwace mata ɗan, kama mata ake yi. Hannu na roƙa, kika aiko a yanke wanda nake da shi.

Ban yafe ba tukuna. Amma ke kaɗai gare ni, shi ya sa na rubuto.

Hilaire

Yamai, 18 ga Afrilu 2024

Yayana,

Ina gaisuwa, ina duba ka da jiki. Yaya ƙafafun Malam Tukur?

Na karanta takardarka sau uku. Wannan karon ban ƙona komai ba. Na yi laifi. Na karanta abin da nake so in gani, ba abin da ka rubuta ba. Gyambon nan ni na yi maka shi, kamar da hannuna. Na kira Is'haƙa na faɗa masa abin da ake faɗa wa mai yin ƙarya da mutuwar gwaggonsa a cikin azumi, ya kashe waya. Hervé ma ya ji nasa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, Yaya. Abin da ke tsakaninku ban gane shi ba, kuma abin da aka koya mini tun ina yarinya bai fita daga kaina ba. Amma na san jinya. Na ga mazan da suka gudu daga ɗakin haihuwa don warin jini, na ga 'ya'yan da suka aje uwa a asibiti suka ɓace. Ban taɓa ganin wanda ya tako daga Matankari ba takalmi don ya zubar da fitsarin wani ba.

Ka nemi mai ƙarfin hannu da gajeren baki. Hannuna da saura, baki kuwa zan koya. Ina tafe ranar Litinin da katifa da kunzugu da kayan wanke gyambo. Hervé ya ce zan jawo wa gidansa magana, na ce gidansa na nan inda yake, ni ce mai tafiya.

Kafin in iso, a riƙa juya ka duk bayan awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, kada a shafa wa gyambon toka ko man shanu ko da wa ya ce. Ka ce wa Malam Tukur ina neman gafararsa, sauran zan faɗa masa da bakina. A gidanku zan sauka.

Ƙanwarka,
Murna

Dogon Dutsi, 24 ga Yuni 2024

Ɗana Hervé,

Ina gaishe ka, ina gaida Gloria da yara. Da fatan ka dawo daga Agadas lafiya. Ni lafiyata ƙalau, gwiwa ma ta yi sauƙi. An yi ruwa sau biyu, mutane sun fita shuka.

Na ji saƙonka. Ka ce tunda an yi sati biyu da binne kawunka, in ba Malam Tukur keken ɗinkinsa, in kulle gida in dawo. Aiki ya hana ka zuwa jana'iza, don haka bari in faɗa maka abin da ba ka gani ba.

Sati bakwai muka yi muna jinyarsa mu biyu. Ni ke wanke gyambo da ba da magani, shi ke ɗagawa da wanka da aski. A sati na biyu kawunka ya ce ya yafe mini, da sharaɗin in daina zuba wa kunu sukari kamar ana biki. Gyambon ya fara haɗewa, ciwon dajin ne ya fi mu gudu. A kwanakin ƙarshe ya daina gane ni, yana kirana Inna, amma ko tafiyar Tukur ya gani a ƙofa sai ya buɗe baki a ba shi ruwa. Ranar Lahadi da safe ya cika, kansa bisa cinyar Tukur, ni ina riƙe da ƙafafunsa ina waƙar da Inna take yi mana.

Da aka zo shirya shi, wani dattijo ya ce ba a saba Musulmi ya taɓa gawar Kirista ba. Na ce wata biyar Musulmin yana taɓa shi da rai, ban ga ɗayanku ya zo karɓar soso ba. Tukur ya wanke shi, ya sa masa farar rigar da ya ɗinka da kansa. A majami'a aka nuna masa bencin baya, kusa da ƙofa. Na tashi daga gaba da gwiwar nan tawa, na bi tsakiyar mutane, na kamo hannun rigarsa na zaunar da shi kusa da ni. Wasu mata uku suka fita. Waƙa ba ta tsaya ba. Luƙman majo ya zo, da tsofaffin 'yan lakwal fiye da yadda na zata, su suka ɗauki akwatin.

Shekaranjiya Is'haƙa ya dawo, wai yanzu ai ba sauran hujja. Na miƙe zan yi magana, Tukur ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Is'haƙa, sallata ban taɓa bari ba, kuma ba kai ka karɓa tata ba. Nan na zauna da mutum, nan ya mutu a hannuna, nan za a zo a ɗauke ni. Ka gaida Zalihatu, ka ce ta riƙe takalman." Yaron ya juya ko sallama babu.

Maganar gida kuwa, ni ce magajiyar kawunka, kuma na ce Tukur yana ciki har ranar da Allah ya kira shi. Ba a sayarwa, ba a kullewa.

Na auna jininsa, ya hau sosai. Ƙafarsa ta hagu ba ta warke daidai ba, kuma in ba a zauna kusa da shi ba ba ya cin abinci. Na tambayi kaina, ranar da shi ya kwanta, wa zai juya shi? Na duba garin nan gaba da baya, ban ga kowa ba sai ni. Bushira ta ce za ta kama mini da girki.

Don haka ka ba direba sauran zannuwana da tabarau na biyu da ke cikin kwabet. Ku zo da yara in an yi hutu, ƙofa a buɗe take. Wanda ya tambaye ka me ya zaunar da uwarka a Dutsi, kada ka yi masa kwana-kwana. Ka ce tana gidan yayanta, tana kula da wanda ya bari.

Mamanka,
Murna